Salansar da Direba Ya Kawo da Hannunsa

Ranar da abin ya fara, ba wanda ya ji shigowar motar. Da ma can tun daga kwanar layi ake sanin Direba ya taso daga aiki, don salansar motarsa ta daɗe da fashewa, tana tafe tana ƙara kamar ana yayyaga kwano. Yara su toshe kunne, matarsa ta ɗora masa ruwan wanka. To wannan yammacin sai ganinsa kawai ta yi tsaye a tsakar gida, yana kaɗa makulli a yatsa, yana murmushin wanda ya kayar da wani.

"Ba ki ji ni ba ko?" in ji shi.

"Na ɗauka a ƙafa ka dawo."

"Leƙa ki gani. Yanzu ko kyanwa ta fi ta ƙara."

Ba ta leƙa ba. Ta nuna masa ƙofar ɗaki da haɓa, ta ce Auta ba ta jin daɗi tun da rana, tari take yi, tana cewa bayanta na zafi kamar an jingina ta da murhu. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, ita kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta duk sun kama gabansu. Ya shiga ya same ta zaune a bakin gado tana tsefe kai. Ya taɓa goshinta, sanyi ƙalau.

"Wannan ce marar lafiyar?" ya ce. "Makaranta ce ba ta son zuwa gobe."

Rana ta faɗi a hankali. Aka kira magariba, aka idar, layin ya yi tsit irin tsit ɗin nan da ko kaji ba sa motsi a cikinsa. Direba na zaune kan tabarma ya jawo kwanon abinci ke nan, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro, ya dira gabansa. Ba dutse ba ne. Noti ne, tsoho, ya ci tsatsa. Ya kai hannu zai ɗauka, ya yi saurin sakinsa, don zafi ne da shi kamar yanzu aka ciro shi daga wuta.

Wani ya sake faɗowa. Sannan wani. Ya tashi da zagi a bakinsa, ya fita waje yana neman 'ya'yan maƙwabta. Layin babu kowa, sai motarsa a gindin katanga, tana ta ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai hucewa. Da ya dawo ya tarar da matarsa tsaye a ƙofar ɗakin Auta, ta rufe hanci da gefen mayafi. Ɗakin cike yake da warin hayaƙin mota, alhali tagarsa ba ta kallon titi.

Bari in koma baya kaɗan, don a san inda aka kwaso wannan masifa.

Direba ba mugun mutum ba ne. Yana sallarsa, yana ciyar da gidansa, bai taɓa ɗaga wa 'yarsa hannu ba. Amma Allah ya yi shi da taurin kai, kuma ya riga ya yanke a ransa cewa duk wanda ya riƙe sifana ɓarawo ne. Kullum maganarsa ke nan: ka kai wa bakanike mota, ya ce zai sayo maka abu, ya sayo tsoho ya wanke da fetur ya ce sabo ne, ya kuma ɗora nasa a kai. Ba duka ƙarya ba ce, sai dai shi ya mai da ita addini.

Shi ya sa da salansa ta fashe, bai nemi bakanike ya sayo masa wata ba. Ya ɗauki zarton ƙarfe ya nufi filin da ke bayan gari, inda ake jibge matattun motoci. Can ya ga wata irin tasa, ta shekara da shekaru a gindin bishiya, tayoyinta sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta kujerunta. Ya daidaita da mai gadin filin, ya kwanta a ƙarƙashinta ana dab da magariba, ya yanke salansar. Ko bisimilla bai yi ba, hankalinsa na kan ribar da ya hana wani.

Da safe ya kai ta gareji, ya jefar a gaban Bakanike. Wannan Bakanike shi ya daɗe yana gyara masa mota, kuma sun daɗe ba sa ga maciji. Mutum ne gajere, mai kaurin wuya, baƙin mai ya shige masa ƙarƙashin farce har ba ya fita. Ya dubi salansar, ya taɓa ta da ƙafa.

"Daga ina?"

"Ina ruwanka? Ɗaura min kawai."

"Daga filin matattu ka ciro ta, ga ƙasa nan a jikinta. Ka ƙwanƙwasa? Ka shanya ta?"

"In shanya ta? Wanki ce?"

Bakanike ya goge hannu da tsumma. "Mu in mun ciro ƙarfe mai rami daga motar da ta daɗe a kwance, sai mun ƙwanƙwasa mun yi sallama, mu bar shi ya wuni a rana baki buɗe. In da abin da ke ciki, ya fita. Haka muka tarar ana yi."

"Abin da ke ciki tsatsa ne," in ji Direba. "Kai dai faɗi gaskiya, haushi kake ji ban bar ka ka sayo ba, ka rasa na cefane."

Masu jiran gyara suka yi dariya. Wuyan Bakanike ya ƙara kumbura. Ya ce, "To. Kayan da ba ni na sayo ba, ba ruwana da abin da ya biyo baya. Ku shaida."

"Sun shaida. Yi aikinka."

Direba bai matsa ko nan da can ba, wai kada a musanya masa. Yana tsaye aka ɗaga mota, aka ɗaura salansar, aka kunna wutar walda. Akwai wata 'yar tsaga a gefenta, kamar tsawon yatsa, Bakanike ya ce sai an like ta. Yana cikin likewa sai ya tsaya cak. Ya ɗaga baƙin tabarau, ya karkata kai kamar mai sauraro, sannan ya ɗago ya dubi Direba.

"Me ka tsaya yi?" in ji Direba. "Ko wutar ma sai na kawo tawa?"

Bakanike ya daɗe yana kallonsa. Sai ya mai da tabarau, ya ƙarasa likin.

To daga wannan rana gidan bai sake zama gida ba. Da safe Direba ya tayar da mota ya fita neman fasinja, kafin ya kai titi Auta ta fara tari. Tun tana yi a zaune har ta koma birgima a ƙasa, tana yage riga, tana cewa a fitar da ita, a buɗe mata. Uwar ta buɗe ƙofa, ta buɗe taga, ta ce, "A buɗe suke, 'yar nan, ga su a buɗe." Abin da take tofarwa baƙi ne ƙirin kamar gawayi. Bayanta ya yi jawur, daga baya ya fara tashin bororo.

Amma da yamma, in uban ya dawo ya kashe mota, sai ya tarar da ita kwance shiru, ta gaji, tana numfashi a hankali. Shi bai taɓa ganin abin da idonsa ba. Abin da yake gani shi ne jifan magariba, noti da kusoshi da gutsattsarin ƙarfe masu zafi, suna zubowa kan rufi. Ya yi faɗa da maƙwabcin dama, ya yi da na hagu, har aka daina amsa masa gaisuwa. A cikin gida kuwa magana ta koma cizo.

"Ke kike ɗora wa yarinya tsoro," ya ce wa matarsa. "Ƙurji ne, ki shafa mata mai."

"Ƙurji ne ke sa mutum tofar da gawayi?"

"To me kike so in yi? In zauna a gida mu ci ƙasa?"

"Ina so ka zauna wuni ɗaya ka ga abin da nake gani."

Bai zauna ba. Sai ranar da ya ga bayan yarinyar da idonsa, uwar na canja mata riga, sannan jikinsa ya yi sanyi. Ya ce a shirya ta, asibiti za su. Ya ɗauke ta da kansa, ya kwantar a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta. Lafiya lau take har ya zauna. Yana murɗa makulli, injin ya kama, sai yarinyar ta sandare, ta saki wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Shi kuwa, bawan Allah, jin haka ya ƙara taka mai don su isa da wuri. Yana ƙara wuta tana ƙara ihu.

"Kashe motar," in ji matar.

"Mun kusa."

"Na ce ka kashe ta, Baban Auta."

Ta miƙo hannu ta kan kafaɗarsa ta murɗe makullin da kanta. Motar ta yi tari ta mutu a gefen titi. Auta ta saki jiki, ihun ya koma shessheƙa. Suka zauna a haka, motoci na wuce su. Matar ba ta ɗaga murya ba.

"Me ka sa wa motar nan?"

Ya buɗe ƙofa ya fita. Majiya ƙarfi ya samu suka turo ta har ƙofar gida, uwar kuma ta goyo 'yarta, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na jan ƙasa. Tana sauke ta, ta ɗauki mayafi ta fita ba ta nemi izininsa ba. Bayan la'asar ta dawo da Malam.

Malam tsoho ne siriri, gemunsa fari fat, ba shi da yawan magana. An san shi da karatu, an kuma san ba ya karɓar kaza ko turare don roƙon iska. Ya tsaya a ƙofar gida ya daɗe yana kallon motar kafin ya shiga. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Auta, aka rufe ta da zane. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa.

Iska ta tsaya. Inuwar katanga ta fara miƙewa. Yatsun ƙafar yarinyar suka soma rawa, sannan gwiwoyi, sannan ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Idanunta a rufe suke, amma ta juya fuskarta daidai inda ubanta yake.

"Ya isa, tsoho," in ji ta. Muryar ta babbar mace ce, a shaƙe, kamar ta wadda ta kwana kuka. "Ƙunar da ake yi mana ta isa, ba sai ka ƙara ba."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwa ce. Kamar waccan da ke tsaye tana rawar jiki."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Tambayi ɓarawon."

Direba ya yunƙura. "Ni ban saci komai ba, saya na yi."

"Ka saya a wajen wa? Mai gadi ne ya haifa min ɗa?" Yarinyar ta yi wata dariya marar daɗi. "Tun kafin a haifi wannan 'yar muke zaune a motar can. Ba mu taɓa kowa ba. Ɗana jinjiri ne, ƙarfen nan shi ne makwancinsa, akwai sanyi, akwai duhu. Ta 'yar tsagar gefe nake sa shi in ɗauke shi. Na kwantar da shi na fita, na dawo na tarar an yanke wurin. Ko sallama, Malam. Ko ƙwanƙwasawa. Da ya yi, da na ji daga inda nake."

Matar Direba ta dafe bango.

"Na bi sawu har gareji," muryar ta ci gaba. "Ina isa ana like tsagar da wuta. Yanzu gaba inji, baya hayaƙi, shi kuma ya kumbura ba ya iya bi ta ko'ina. Duk safiya wannan mutumin ya zauna ya murɗa makulli ya dafa min ɗa, yana fito da baki. To abin da nawa ya ji, tasa za ta ji. In nawa ya mutu, ku haƙa biyu."

Malam bai motsa ba. "An zalunce ki," ya ce. "Ban musa ba. Amma yarinyar nan ce ta ɗauki zarto?"

Yarinyar ta kau da fuska.

"Ita ta kunna wuta?"

"A'a."

"To kin bar mai laifi kin kama marar laifi. Ke ma kin zama azzaluma, kuma Wanda ya halicce ki ya halicce ta yana kallo. Faɗi abin da zai fid da ɗanki, ki bar zancen kabari."

Kan yarinyar ya yi ta juyawa a hankali. "A bar min motar. Kada a sake tayar da ita har abada. Ta zauna a ƙofar gidan nan ta ruɓe, mu zauna a ciki."

"Motar ce abincinmu," in ji Direba.

Maganar ta riga ta fita kafin ya kama ta. Matarsa ta juyo ta dube shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai.

"Kin ji ko?" in ji muryar, tana magana da uwar. "Kin ji wanda kike aure."

"Ba ke za ki raba su ba," in ji Malam. "Kuma ba za ki zauna a ƙofar gidan mutane ba, yau ki yi fushi gobe ki huce. Barin mota ba zai buɗe wa ɗanki hanya ba. A cire ƙarfen, a buɗe tsagar, a kai ku inda ba mutane."

"To hannun da ya like shi zai buɗe. Kuma in ya gama, hannun nawa ne. Ya shanye."

"Bakaniken bai san da kowa a ciki ba."

"Ya sani." Muryar ta yi ƙasa. "Ɗana ya yi kuka da wuta ta taɓa shi. Ya ji. Ya tsaya ya saurara. Sannan ya dubi wannan ɓarawon, ya ga yadda yake masa kallon raini, ya ci gaba. Don ya huce haushi a kan mutum, ya gasa min jinjiri."

Malam ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Zai zo ya buɗe. Hannunsa kuma ba naki ba ne, da shi yake ciyar da nasa 'ya'yan. Hisabinsa na wajen Allah. In kin ƙi, in ci gaba da karatu, kin san kuma ba zan gaji kafin ke ba. Sai dai duk lokacin da muka ɓata, ɗanki na ciki."

Yarinyar ta yi ta huci. Daga baya muryar ta ce, "Ba wuta. Ba guduma. Ba injin yanka. Kuma shi ɓarawon zai ɗauka a hannu, a ƙafa, ya kai inda akwai inuwa. Kafin rana ta faɗi. In ta faɗi ɗana na ciki, babu sauran magana tsakanina da kai."

"Ki rantse za ki fita, ba ki ba gidan nan."

Ta rantse, da ƙyar, kamar ana zare mata haƙori.

Direba ya zabura ya yi waje, hannunsa ya riga ya shiga aljihu neman makulli. Malam ya ce, "Kai." Ya tsaya, ya dubi makullin, ya jefar da shi a ƙasa, ya kama gudu. Mutum mai tumbi da furfura, yana gudu a titi, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba.

Ya tarar da Bakanike na wanke hannu zai rufe.

"Zo ka cire min salansar nan," ya ce yana haki.

"Ta lalace? Na gaya maka a gaban mutane, ba ruwana."

"'Yata za ta mutu."

"Ni likita ne? Kai da ka iya sayowa, ai ka iya cirewa. Ɓarayi sun tashi aiki, sai gobe."

Direba ya matsa kusa da shi, ya rage murya yadda ba wanda zai ji. "Ta ce ka ji kukan."

Ruwan da ke hannun Bakanike ya ci gaba da ɗiga. Bai tambayi wace ce ta ce ba. Fuskarsa ta yi toka-toka. Ya shiga rumfa, ya fito da jak da zarton hannu da ƙaramin magagari, ya wuce gaba ba tare da ya kalli Direba ba.

Da suka iso rana ta yi ja, ta sauka kan rufin gidaje. Aka ɗaga mota, Bakanike ya kwanta a ƙasa ya shige. Direba ya durƙusa ya tallafe salansar da hannu biyu don kada ta faɗo. Zarto ya fara ci, a hankali, ƙiii, ƙiii. Duk jan da aka yi, daga cikin gida sai a ji Auta ta yi nishi.

"Riƙe da kyau," in ji Bakanike. "Ko riƙon ma ba ka iya ba?"

"Da ka faɗa min a ranar."

"Da na faɗa, me za ka ce? Ka ce ina neman ƙari."

Gumi na zuba a idonsa, ba hannun sharewa. Haƙoran zarto suka dakushe, aka juya shi, aka ci gaba. Tafin Bakanike ya fashe, jini ya gauraya da baƙin mai. Can ƙarfen ya saki, nauyinsa ya sauka a hannun Direba, ya fi yadda ya san shi ranar da ya ɗauko.

Suka shigo da ita tsakar gida. Matar ta kwance zanen da ta yafa ta shimfiɗa, aka ɗora a kai. Bakanike ya tsuguna ya yi ta goga likin da magagari, yana hurawa, har tsagar ta buɗe. Kafin ya janye hannu, leɓensa ya motsa, ya yi sallama a bakin ramin, a makare.

Auta ta rarrafo, idanu a rufe. Ta kwantar da kunnenta a kan tsagar. Sai aka ji muryar nan ta canja, ta yi laushi, tana wani gunaguni irin na uwa mai lallashi. Matar Direba ta juya baya tana share ido, don ta gane wannan sautin ko da ba ta san harshen ba.

"Yana da rai," in ji muryar. "Ba zai iya motsi ba tukuna. Naɗe shi. Ɗauka." Ta ɗago fuska wajen Direba. "Ina bayanka. Kada ka waiwaya, kada ka yi tuntuɓe. 'Yarka ba za ta farka ba sai ka ajiye."

"Fita," in ji Malam, ya ɗora karatu.

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sannan ta sulale kan tabarma kamar tsumma. Wata iska mai ɗumi ta ratsa tsakar gidan, ta tsaya a bakin ƙofa.

Bakanike ya tattara kayansa. "Kada ka sake kawo min mota," ya ce.

"Ba zan kawo ba."

Direba ya rungumi salansar a ƙirji, naɗe cikin zanen matarsa, ya fita. Mutanen layi na zaune a ƙofar gidajensu. Wani ya ce, "Direba, haihuwa aka yi?" Aka yi dariya. Ya bi titi, ya wuce shaguna, ya wuce gidajen ƙarshe, ƙafarsa ɗaya ba takalmi. A bayansa yana jin taku, ba na takalmi ba, ba na kofato ba, in ya rage sauri a rage, in ya ƙara a ƙara. A ƙirjinsa kuma, ta cikin zane da ƙarfe, wani abu na tashi yana sauka, ɗan ƙarami, da sauri-sauri. Ya tuna yadda ya cika mota da fasinja a hawan tudu yana taka mai har ƙasa. Ya ƙara matse ta a ƙirji.

Rana saura ƙiris ya kai wani kwari da ruwa ya daina bi, akwai bishiya mai duhu da saiwoyinta suka yi rumfa. Ya durƙusa, ya share ƙaya da duwatsu da hannunsa, ya ajiye a hankali, tsagar na kallon sama. Ya so ya ce wani abu, bai san me ake cewa ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri." Ba a amsa ba. Takun dai ya wuce shi, ya tsaya a gindin bishiyar.

Bai waiwaya ba. Da ya iso gida an idar da magariba, rufin kwano shiru, Malam na zaune yana jan carbi. Matarsa na riƙe da kan Auta, ba ta ɗago ta dube shi ba. Ya tsuguna a gefen tabarma, ƙirjinsa duk baƙin hayaƙi, ya kira sunan da yake kiranta tun tana goye.

"Autata."

Idanun suka buɗe a hankali. Nata ne. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi magana da 'yar muryarta, a dishe.

"Baba, a inuwa ka ajiye shi?"

"A inuwa," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta juya ta kwanta a kan bayanta, ta yi barci.